Aikin gayya a filin shaƙatawar unguwa: shara da rubutun bango, ta ina za a fara?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙungiyar matasan unguwarmu a nan Kano tana shirin gyara ɗan filin shaƙatawa da ke bayan firamare. Girmansa kamar rabin filin ƙwallo ne. Akwai bishiyoyin darbejiya, bencina na siminti, lilo biyu na ƙarfe, da katanga ta zagaye shi. Ɓangaren titi mita 60 ne, tsayinsa mita 2, an yi masa filasta da fenti, sauran ɓangarorin tsuran bulo ne. Ƙasa duk ledar fiya wata ce da robobin lemo da fasassun kwalabe, kwatar gefen kuma ta toshe. Bangon kuwa fastocin zaɓen 2023 har yau suna nan, ga tallan maganin basir, ga lambobin masu haƙa rijiyar burtsatse, ga sunayen kulob da aka rubuta da fentin feshi. Mutum 30 suka ba da suna. Muna so mu yi ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli. Me za mu tanada, yaya za mu raba aikin, kuma me ke goge fentin feshi?

DubaGari:
Wa alaikumus salam. Kafin ku sayi ko tsintsiya ɗaya, ku san inda sharar za ta tafi da wanda zai kwashe ta. A nan yawancin gayya ke lalacewa. A share fili fes, a tara tsibi a bakin ƙofa, mota ba ta zo ba. Kwana biyu awaki sun yage buhunan, iska ta mayar da ledar, maƙwabta kuma sun ga tsibi sun fara kawo tasu. Ƙarshenta kun buɗe sabuwar bola a inda babu ita a da.

Ku rubuta takarda mako biyu kafin ranar, ɗaya ga sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, ɗaya ga REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, mai unguwa ya sa hannu. Ku nemi a faɗa muku rana da lokacin da mota za ta zo, da lambar wanda za a kira. In ba a ba ku tabbaci ba, ku yi ciniki da mai tifa da kuɗinku, ku kuma tambaye shi takamaiman jujin da zai kai, don wasu a kududdufi mafi kusa suke juyewa. Wurin tara shara ya zama guda ɗaya, inda mota za ta iya shigowa da baya. Kada ya zama ƙarƙashin bishiya ko a kan kwalbati.

Ƙiyasi: baro ɗaya yana ɗaukar lita 60 zuwa 80, wato baro 14 ko 15 ne ke cika mita ɗaya ta kowace fuska. Ku zagaya filin ku ƙiyasta baro nawa ne kafin ku yi magana da mai mota.

MaiFenti_Fagge:
Malam DubaGari ya gama maganar shara. Bango kuma ba magani ɗaya ba ne, kowane da nasa.

Ɓangaren titi mai filasta da fenti, kada ku wahalar da kanku da gogewa, rufewa za ku yi. Amma da tsari. A fara jiƙa fastoci da ruwan omo, a bar su minti 10 zuwa 15 sitacin ya saki, sannan a kankare da sikirefa. In kun kankare a bushe, filastar za ku ɓantaro. A wanke sauran sitacin, domin fentin da aka shafa a kansa ɓarewa yake. A bar bango ya bushe. Duk inda aka yi rubutu da fentin feshi ko alƙalamin maka, a fara shafa masa andakot na mai, wato fentin da ake fara sawa a ƙasa kafin na sama, ya kwana. Wanda ya tsallake wannan ya shafa fentin ruwa kai tsaye, zai ga rubutun ya leƙo ta ƙasa, musamman ja da baƙi, ko sau uku ya shafa.

Lissafi: mita 60 sau 2 ya ba ku murabba'in mita 120. Shafi biyu, 240. A filasta mai kaushi lita ɗaya ta fentin ruwa tana cin wajen murabba'in mita 6, ke nan lita 40, bokiti biyu masu lita 20. Andakot galan ɗaya mai lita 4 ya isa tunda wuraren rubutu kawai za a taɓa. Rola huɗu, burushi mai inci 4 guda huɗu. Tsakanin shafin farko da na biyu a ba da awa 3 zuwa 4. Kuma a shafe bangon gaba ɗaya daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Faci-faci muni ne da shi, kuma kamar an zana wa mai rubutu allo ne.

Dan_Gwale:
Ku zuba fetur a tsumma ku goge kawai, nan take yake fita.

MaiFenti_Fagge:
Don Allah a'a, ɗan'uwa. Mutum 30 a wuri ɗaya, da yara, wani na iya kunna sigari ko ashana a gefe. Ban da haka, a kan tsuran bulo fetur ko tina (ruwan da ake sirka fentin mai da shi) ba sa cire fenti, narkar da shi suke yi bulon ya shanye. Ƙaramin rubutu sai ya koma babban tabo mai duhu wanda ya shiga ciki. Tina aikinta a kan ƙarfe ne da tayil, inda babu ƙofofin da za su sha.

Injiniya_Kurna:
Na yarda da MaiFenti. Tsuran bulo hanya biyu ce. Ta farko, burushin ƙarfe da ruwa, sannan injin feshin ruwa irin na masu wankin mota. A riƙe bakinsa nesa da bango kamar santimita 30, a buɗe feshin ya yi faɗi, a karkata shi. Bulonmu na kasuwa yashi ya fi siminti yawa, in ka matsa kusa sai ka ga ka sassaƙa rubutun a jikin bulon, fenti ya tafi amma harafin yana nan. A fara gwaji a wani lungu.

Ta biyu ta fi araha: a kankare abin da ya kankaru da burushi, a jiƙa bangon sosai, a dama siminti da ruwa ya yi kaurin koko, a shafa da babban burushi sau biyu. Kwana biyu zuwa uku a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. In aka shafa a busasshen bango da tsakar rana, bulon zai zuƙe ruwan kafin simintin ya kama, sai ya zama gari yana bin hannu. A dama wanda za a iya ƙararwa cikin rabin awa kawai.

Baba_Gadina:
Farar ƙasa ma tana yi, kuma ta fi haske da daddare.

Injiniya_Kurna:
Tana yi Baba, amma ba ta kama kan fentin mai sosai, kuma damina ɗaya ke wanke ta a bangon da ba shi da rufi. In za a sabunta duk shekara, to babu laifi. Mai shafa ta ya sa tabarau, tana ƙona ido.

Nas_Ummi:
Ni abin da ya fi damuna hannayen mutane. Filin da aka daɗe ba a kula da shi ba, a lungunansa ana samun sirinji da allura, reza, da kwalaben maganin tari, duk da an hana mai kodin tun 2018. Kada kowa ya cusa hannu cikin tsibin ganye ko ciyawa. Manjagara ta fara shiga, ido ya gani, sannan hannu. Safar hannu ta asibiti ba ta da amfani a nan, kwalba na taɓa ta ta yage. A sayi mai kauri irin ta magina. Silifas kuma a bar shi a gida.

A ware mutum biyu manya, aikinsu kayan kaifi kawai. Wanda ya ga allura ya tsaya ya kira su. Su ɗauka da filaya, su jefa a galan ɗin roba mai kauri mai murfi. Kada a yi ƙoƙarin mayar wa allura murfinta, a nan ake yawan sokewa. Galan ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe a naɗe da salatif, a kai asibitin unguwa su haɗa da nasu. Fasassun kwalabe a bokiti, ba a buhu ba, domin mai saɓa buhu a kafaɗa shi zai ji a jikinsa.

In allura ta soki wani: a wanke da sabulu da ruwa mai gudu, kada a tsotsa, kada a matse, a tafi asibiti a ranar. Maganin kariya daga HIV ana fara shi ne cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Za su duba batun ciwon hanta da allurar tetanus. Ku tanadi auduga, bandeji, aidin da filasta, da mai babur ɗaya da ya san shi ne na gaggawa.

Baba_Gadina:
Ƙari a kan maganar 'yata Ummi: tsohuwar taya, bulon da aka jingine, da kwano da ya daɗe a ƙasa, gidan kunama ne, wani lokaci maciji. A ture da shebur, a juya shi ta yadda buɗin zai kalli gaba, ba ƙafarka ba. Sannan bishiyoyin nan, in an yi musu rubutu da fenti a ƙyale, ɓawo zai zubar da shi da kansa. Tina tana kashe ɓawo. Kusoshin da aka kafa allunan talla da su a zare da filaya, wayar da aka ɗaure a jiki a yanke, ita ce ke shaƙe bishiya in ta yi ƙiba.

Sani_Mai_Kura:
Duk wannan wahalar neman mota ta mece ce? A tara a cinna wuta, awa ɗaya an gama.

DubaGari:
Malam Sani, ba a gama ba. Leda da roba ba sa cinyewa, narkewa suke su bar dunƙule baƙi a ƙasa, hayaƙinsu kuma guba ne, ga firamare a jikin filin, ga masu asma a gidaje. A cikin sharar akwai gwangwanin maganin sauro da na fentin feshi, suna jin wuta suke fashewa. Wutar da aka hura kusa da katanga tana fasa filasta, ta kusa da darbejiya tana ƙona saiwa da rassan ƙasa. Kuma wurin da aka taɓa ƙona shara, mutane sun ɗauke shi wurin zubarwa ke nan.

Abin da zai rage muku kuɗin mota shi ne rabawa tun a ƙasa. Buhu uku ga kowane rukuni: na robobin lemo da ruwa, na gwangwani da ƙarfe, na sauran tarkace. Biyun farko 'yan jari bola za su saya a kan kilo, ku kira su su zo da ma'auninsu. A taka robar ta lotse kafin a sa a buhu.

Baba_Gadina:
Ganye kuma ba shara ba ne. A haƙa rami mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi a kusurwa, a zuba ganye kamar taƙi ɗaya, a barbaɗa kashin awaki da ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake wani. A juya bayan mako uku-uku. Wata uku zuwa huɗu ya zama taki. Sai dai a tsince ledar ciki tukuna.

Malam_Na_Zaure:
Tunatarwa ɗaya. A cikin takardun da za ku tsinta akwai masu ɗauke da ayoyi ko sunan Allah, yagaggun shafukan littattafan Islamiyya, kalanda, katin ɗaurin aure mai Bismillah. A ba wa mutum ɗaya jaka mai tsabta ya riƙa karɓa, daga baya a binne a wuri mai tsarki ko a ƙona su su kaɗai. Wannan ƙonawar daban take da wadda DubaGari ya hana. Haka fastocin wa'azi da ke bango, kada a kankare su su faɗa kwata.

Hajiya_Tarauni:
Allah ya saka Malam. Ni tambayata a kan fastocin siyasa ce. Wa ya ba ku izinin cirewa? Ku yi hattara. In kun cire na wani kun bar na wani, ko da mantuwa ce, gobe za a ce ƙungiyarku ta jam'iyya kaza ce. A cire duka a rana ɗaya, kansila da mai unguwa suna tsaye. Kuma duk ɗan siyasar da zai ba da gudummawar fenti, a faɗa masa tun farko ba za a rubuta sunansa a bangon ba. In kuka yarda sau ɗaya, kun mayar da katangar allon talla da hannunku.

Kwamared_Isa:
Ni ban ga dalilin da matasa marasa aikin yi za su haɗa kuɗi su yi aikin da aka ware wa hukuma kasafi ba. Kuna ɗauke musu nauyi ne. Gara ku haɗu ku je ofishin ku matsa musu.

Hajiya_Tarauni:
Kwamared, takardar da DubaGari ya ce a rubuta ai matsin ce. Mutum 30 sun ce za mu share, ku kawo mota, wannan ya fi ƙorafi a Facebook nauyi. Kuma 'ya'yanmu ne ke taka kwalaben, ba na ofis ba.

Kwamared_Isa:
Na ji, Hajiya. Amma tun 1985, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, ake fitowa shara a ƙasar nan ranar Asabar. Shekara nawa ke nan? Fitowar jama'a ba ta taɓa zama matsala ba, kwashewa ce. A Ruwanda ma Asabar ɗin ƙarshen wata suke fita, amma su sun hana leda tun 2008 kuma sun tsaya a kan hanin.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Kwamared yana da gaskiya a rabi. Mu a Nijar an yi dokar hana leda a 2014, amma kowa ya shiga kasuwa ya san ledar tana nan. Doka ba ta share fili. In koma kan bango: farin bango mai tsawon mita 60 a bakin titi gayyata ce. Mako nawa zai yi kafin mai maganin basir ya dawo? Ku nemi yaran da ke rubutun, ai an san su a unguwa, da mai zanen allunan shaguna ɗaya ya jagorance su, a ba su bangon su yi masa ado. Muna da abin zanawa na kanmu, dagi da zayyanar da ke jikin gidajen Birni a nan Damagaram da tsofaffin gidajen Zariya da Kano. Yaron da ya zana da hannunsa ba ya barin wani ya ɓata.

MaiFenti_Fagge:
Shawara ce mai kyau, amma zane ya fi wuyar gyara in an ɓata shi. Bango mai launi ɗaya, minti biyar da rola ka rufe. In za a yi zanen, a shafa masa banish mai haske a sama, rubutun maka zai gogu da sifirit ba tare da zanen ya tashi ba. In kuma launi ɗaya za a bari, a guji fari. A zaɓi ruwan ƙasa ko ruwan toka, a ajiye lita 4 na ainihin wannan haɗin a wurin mutum ɗaya, domin ba za ku sake samun launi iri ɗaya sak a kasuwa ba.

Injiniya_Kurna:
Ajiye fentin nan shi ne rabin aikin. Jiragen ƙasan birnin New York sun yi shekaru a lulluɓe da rubutu. A 1984 aka sa ƙa'ida cewa taragon da aka riga aka wanke, in aka sake yi masa rubutu ba zai fita aiki ba sai an goge. Zuwa 1989 an gama da matsalar a taragon da ke aiki. Mai rubutu so yake a gani. In ya san gobe da safe babu shi, kuɗin gwangwaninsa ya tafi a banza. Ku sa wa kanku kwana biyu: duk sabon rubutu ko fasta, a rufe kafin kwana biyu.

Ummu_Hanan:
Ba wanda ya yi maganar lilon. Yara ne fa za su hau.

Walda_Sabon_Gari:
Lilo kafin fenti a duba ƙarfen. Gindin ƙafafun inda suka shiga ƙasa nan tsatsa ke ci, a ƙwanƙwasa da guduma, in ya lotsa sai an yanke an yi walda. A duba ƙugiyar sama da zoben sarƙa na farko, in ya sirance ya kai rabin kaurinsa a canza. Rubutun jiki a goge da tina a tsumma. Tsatsa a ci ta da burushin ƙarfe da samfefa, a shafa jan fentin hana tsatsa, washegari fentin mai. Tsohon fentin mai yana iya ɗauke da dalma, don haka a jiƙa samfefar, kada a goge a bushe, a sa takunkumi, yara su yi nisa. A ɗaure lilon da igiya kwana biyu kada a hau. In hunturu ne a yi fentin da sassafe kafin iska ta taso, in ba haka ba ƙura za ta manne ya yi kaushi.

DubaGari:
Abban Sadiq, ranar da kuka zaɓa tana da amfani da matsala. Amfanin, mutane suna gida. Matsalar, daga ƙarfe 7 zuwa 10 an hana zirga-zirga kuma shaguna a rufe suke, duk abin da kuka manta babu inda za ku saya. Motocin hukuma ma ranar aiki ya fi yi musu yawa. Komai ya kwana a wurin tun Juma'a. Kuma daga bayanin MaiFenti kun ga bango ba aikin rana ɗaya ba ne: Asabar ta farko shara da cire fastoci da andakot, fenti washegari ko Asabar ta gaba. Share ƙasa da shafa fenti a lokaci guda, ƙurar a bangon za ta ƙare.

Rabon mutum 30: rukuni huɗu na mutum biyar-biyar, kowanne da kusurwarsa, da manjagara biyu, tsintsiyar kwakwa biyu, shebur ɗaya. Mutum huɗu a kan baro biyu. Huɗu a bango. Biyu na kayan kaifi. A fara daga can ƙurya a nufo ƙofa. A yayyafa ruwa kafin shara. Buhu 40 na shinkafa ko na masara, kada a cika ya wuce abin da mutum ɗaya zai ɗaga. Ruwan sha a kawo shi cikin kula tare da kofuna, kada ku zo da fiya wata ku bar sabuwar leda.

Kwata kuma a fara daga inda ruwan ke fita, a biyo sama, da takalmin ruwa. Laka a tsame a bari ta tsane kwana ɗaya, amma a kwashe ta, in ta zauna a baki ruwan farko zai mayar da ita. Inda aka yi bahaya a kwashe da shebur a binne, a zuba ruwan Hypo: in kwalbar ta ce kashi 3.5 cikin ɗari, awo ɗaya a ruwa awo shida. Kada a haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki.

Ummu_Hanan:
Bayan an gama fa, ina mutane za su jefa leda? A sa duro.

Walda_Sabon_Gari:
Duro mai lita 200 a raba biyu, a lanƙwasa bakin kada ya yanki hannu, a huda gindin don ruwan sama ya fita, in ba haka ba gidan sauro ne. A yi masa ƙafa a dasa da kankare, ko 'yan gwangwan su ɗauke a daren farko. A yi shi mai juyawa a kan ƙarfe biyu don a iya zazzagewa.

Sani_Mai_Kura:
Duron da babu mai kwashewa bola ne mai ƙafa. Kuma gidaje za su riƙa aiko yara da sharar gida, kwana ɗaya ya cika. Ku yi yarjejeniya da mai kura ɗaya, sau biyu a mako, a biya shi duk wata. Masu shayi da masu sayar da lemo a bakin filin su ne ya kamata su riƙa haɗa kuɗin, daga wajensu ledar take fitowa.

Hajiya_Tarauni:
Masu shayin ba za su ƙi ba in mai unguwa ne ya kira su, amma kada matasa su je karɓar kuɗi da kansu, za a ce haraji suka ƙirƙiro.

Abban_Sadiq:
Na gode ƙwarai. Za mu raba aikin gida biyu kamar yadda DubaGari ya ce, takardun kuma za su tafi ranar Litinin. Batun zane ko launi ɗaya za mu kai wa taron ƙungiya. MaiFenti, bencinan siminti fa? Su ma duk rubutun maka ne.

MaiFenti_Fagge:
In simintin mai santsi ne, gwada sifirit a tsumma, ka riƙa dannawa kana ɗagawa, kada ka goga ya bazu. Abin da ya rage a ci shi da jiƙaƙƙiyar samfefa. Kada a shafa musu fentin ruwa ko farar ƙasa, kayan mutane za su kwashe. In dole sai fenti, a sa na daɓe, a kewaye da igiya kwana uku kafin a zauna.

Injiniya_Kurna:
Na daɓen ma sai simintin ya bushe sarai. In kun wanke bencin ranar Asabar, kada a shafa kafin Talata.